Rola Ta Bakwai

Asabar da hantsi, bayan Ƙofar Guga,
motar Alhaji Nalado ta shigo tana tari.
Tsanin ƙarfe kwance a gadon bayanta,
bel shimfiɗe a kai kamar harshen sa,
shi ke lasar buhu daga ƙasa
ya dire shi sama, wuyan kowa bai sage ba.
Gobe Caranci na ci. Direba ya ce a yi sauri.

Maigidana Barmo bai san sauri ba.
Ya naɗe hannun riga, ya ce, "Sada, tayar."
Na tayar. Bel ya fara zagayensa,
gefe guda ya zare kamar bakin tsohuwar tabarma,
mahaɗin da muka ɗinke bara
yana ƙas, ƙas, duk sa'ad da ya wuce fuli.

Sai ya zaro doguwar sukundirebarsa,
mai ƙotar da gumi ya mayar baƙa,
ya kafa tsininta a gidan boris,
ya jingina ƙotar da kunne, ya lumshe ido.
Haka ya koya mani tun ina wanke sifana:
ƙarfe ba ya mutuwa farat ɗaya,
sallama yake ta yi, mu ne ba mu amsawa.

Ta ɗaya, lafiya. Ta biyu, ƙishin giris.
Ta huɗu ta side, a canza.
Ta shida, a bar ta ta ga damina.
Ta bakwai ya saurara, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Ni kuwa daga inda nake tsaye na ji ta.
Siririn kuka, irin na gyare a lungun ɗaki,
ƙarƙashin rurin inji, ƙarƙashin surutun direba.
Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwon gidansa.
Da wane baki?

Na kashe inji. Na ɗora tafi a kanta, na janye.
Na ce, "Maigida, taɓa nan.
Hannuna ne, ko zafi gare ta?"

Ya taɓa. Ya daɗe bai ɗauke ba,
ko da yake ta yi zafin kaskon waina.
Ya dubi sukundireba
kamar amini ne ya yi masa ƙarya a gaban mutane.

Muka sassauta bel, muka kwance noti huɗu,
ɗaya ya yi gardama sai da ya sha baƙin mai da guduma.
Boris ya faɗo a tafina a wargaje,
'ya'yansa duk rami, kamar waken da ƙwari suka riga mu.
Sabo na cikin takarda mai maiƙo,
kuɗinsa ya ninka na watan jiya.
Na daddaka shi a hankali, katako a tsakani,
na cusa giris da ɗan yatsa har ya tofo.

Da muka tayar, bel ya karkata hagu
kamar jakin da ya hango gida.
Barmo bai taɓa sifana ba. Ya tsuguna, ya ƙanƙance ido:
"Rabin juyi. Ƙara kaɗan. Tsaya!"
Ya dawo tsakiya ya miƙe.
Idon dai yana nan.

Buhun yashi ya hau, ya sauka, ya hau.
Direba ya yi ta mita a kan lissafi, ya biya, ya tafi.
Matattun rololi na jefa a daro,
'yan gwangwan za su auna su a kilo.

La'asar sakaliya muna wanke hannu da fetur da ƙasa,
ya goge sukundireba da gefen tsumma,
ya soka ta a aljihun rigata.
Duk Katsina babu shagon da ke sayar da abin da ya side masa.
Bai ce komai a kai ba.
Ya ce, "Kar ka ba da ita aro,"
ya ɗauki buta.